Kurumtar da Aka Ɗora wa Ok-bun

Ni dai ban taɓa zama a aji ba, amma na ga yunwa, na ga sanyin da ke kashe kare a tsaye, na raka waɗanda suka fi ni karatu makabarta, kuma har yau da haƙorana nake tauna nama. Saboda haka in na ce muku abin da aka yi wa tsohuwa Ok-bun a hawa na tara zalunci ne, ku karɓa kawai, ba sai an kira lauya ba.

Wata Asabar da hantsi ɗanta Dong-pil ya turo ƙofa da ƙafa, rungume da kwali, yana haki yana washe baki.

"Inna, riƙe mini ƙofar! Hye-ran, fito ki kama, akwai saura a lifta!"

Matarsa Hye-ran ta leƙo daga kicin, hannunta jawur da barkonon kimchi, kabejin nan da muke tsumawa da yaji. "Wane tarkace ka kwaso mana kuma?"

"Tarkace? Silima na kawo miki har falo, kina cewa tarkace. Wani ne zai tashi daga gida ya karyar da su. Ko tsinke bai taɓa su ba."

Tsinke kam ya taɓa su, har da abin da ya fi tsinke. Lasifika ce guda biyar ƙanana, ɗaya an ɗaure mata baki da salatif, sai na'urar da ake jona su duka, sai wani ƙaton akwati baƙi wanda aikinsa kawai gurnani. Dong-pil ya zube a ƙasa ya bazu da wayoyi, ja a kan ja, baƙi a kan baƙi. Biyu ya ajiye dama da hagun talabijin, ɗaya a ƙarƙashinsa. Biyun da za su zauna a bayan kujera ba su zo da ƙafafu ba, sai ya ɗora ɗaya a kan firjin kimchi, ɗaya a kan buhun shinkafa da kwalayen takalma. Wayar hagu ta gaza, ya yanko ta tsohuwar fanka ya yi mata ƙari.

Ok-bun tana biye da shi da almakashi da salatif, tana dariya. Ta daɗe ba ta ga ɗanta cikin irin wannan farin ciki ba. Mutum ne mai sanƙo da tumbi, kullum ya dawo daga ofis fuskarsa kamar an jiƙa takarda, yau ga shi yana rarrafe yana fito da baki.

Da aka zo daidaita sauti sai aka tarar ɗan makirfon da ke yin wannan aikin ba ya cikin kwali. Dong-pil ya sosa ƙeya, can ya dubi uwarsa.

"Inna, ke ce kunnen gidan nan. Zauna a tsakiyar kujera ki rufe ido."

Bai yi ƙarya ba. Ok-bun ita ce mai kaɗa gangar janggu a zauren dattawan gininmu, kuma tana daga ɗaki take gane shinkafa ta tsotse. Ta zauna ta harɗe hannu, yana sakin wani shuuu daga lasifika zuwa lasifika.

"Ta kan firji ta cika baki, rage mata. Ta kan shinkafa kuma kamar mai jin kunya. Ƙara. Ƙara kaɗan. Yauwa."

Kafin la'asar jirgin sama yana tasowa daga kicin, ya bi ta kan kujera, ya faɗa baranda. Hye-ran har sunkuyar da kai ta yi. Aka yi ta ƙyalƙyala dariya, Dong-pil ya sa fim ɗin yaƙi ya ƙure murya. Ƙaton akwatin nan ya fara gurnani, cokula suna rawa a kan tebur.

Ba a yi nisa ba aka buga ƙofa, bugu irin na wanda bai zo gaisuwa ba.

Pyon ne na hawa na takwas, direban bas ɗin farko na asuba, wanda ke kwanciya tun rana ba ta faɗi ba. Ƙato ne, ƙofar ma ta yi masa kaɗan, idanunsa jajir.

"Malam, yaƙi ake yi a gidanka? Fitilar ɗakina sai lilo take a kaina! In na yi gyangyaɗi da mutane a mota, kai za ka amsa?"

Dong-pil ya waiga yana neman mafita, idonsa ya faɗa kan uwarsa tana zaune tana feraye tuffa. Nan take ya langaɓar da kai.

"Ka yi haƙuri, maigida. Mahaifiyata ce. Kunnen ya tafi. In ba a ƙure ba, ba ta jin komai. Mu ma nan haƙuri muke yi."

Kowa ya san ba a ɗaga wa furfura murya. Pyon ya leƙa ya ga farin kai, sai duk iskar da ya hau da ita ta sace. Ya haɗa hannu ya rusuna har ƙasa.

"Ayya! Kaka, ki gafarce ni!" ya faɗa da ƙarfi kamar mai kiran wani a hayin kogi. "Ban sani ba! Ki sha kallonki!"

Ok-bun ta buɗe baki, sai ta ga idon ɗanta yana roƙo. Ta rufe bakin ta gyaɗa kai.

Ƙofa na rufuwa Dong-pil ya faɗi a kan kujera yana riƙe ciki. "Inna, ashe kin iya wasan kwaikwayo! Kin ga yadda ƙaton nan ya narke?"

"Ɗan banza kawai," ta ce, ita ma tana murmushi. "Rage abin nan, bawan Allah barci yake so."

Ya rage. Na ranar.

Mako bai zagayo ba maigadi ya bugo wayar bango, wai hawa na takwas suna kuka. Washegari da safe Hye-ran ta ajiye kwalin lemo a bakin ƙofa.

"Inna, ke ya kamata ki kai. In mu muka je faɗa za a yi, ke kuwa ba mai iya ce miki uffan. In ya yi magana ki ɗan karkata kai kamar ba ki ji ba."

"Ni da girmana in je in yi ƙarya a ƙofar mutane?"

"Haba Inna, ba ƙarya ba ce, gyaran zama ne. Ɗanki fa ba ya shan giya, ba ya caca, ba ya yawo. Wannan kaɗai ne jin daɗinsa a duniya."

Ta ɗauki kwalin ta sauka. Pyon ya buɗe da tawul a ka, ya karɓa da hannu biyu, ya yi ta godiya da ihu har maƙwabta suka leƙo. Da ta juya za ta tafi ta ji ya ce a hankali, shi da kansa, "Kai, yau ma kofi ne zai tuƙa motar nan." Ta ji sarai. Ta hau bene ta koma gida.

Gininmu kuwa in ka yi atishawa a hawa na ɗaya, na sha biyar ne zai ce maka sannu. Kafin a ce me, kowa ya san Kaka Ok-bun ta kurumce. Mai sayar da kifi ya koma yi mata magana da yatsu. A lifta mata suka daina rage murya.

"Ita ce mai hana mutane barci."

"Tsohuwa da fim ɗin harbe-harbe, ke ji fa."

"Ni surukar nake tausayi. Dubi rigar jikinta ma, ko labulen kicin."

Ok-bun tana tsaye tana kallon lambobin lifta, fuskarta ba yabo ba fallasa. Da farko abin har daɗi ya yi mata, don ta ji wanda ke bin matar wa, ta ji wadda ta saci tukunyar fure a baranda. Takan dawo gida tana dariya ita kaɗai. Amma dariyar da ba ka da wanda za ka ba labarinta, ba ta daɗewa.

A zauren dattawa, Mal-ja ce shugaba, ƙawarta tun suna da baƙin gashi, mace mai baki kamar reza. Ta ja ta gefe ta ƙura mata ido.

"Ke 'yar nan, yaushe kunnen ya mutu ban ji an yi zaman makoki ba?"

"Tsufa ne, Yaya."

"Tsufa a mako biyu?" Mal-ja ta juya kai gefe, ta ce can ƙasa-ƙasa, "Dama wainar shinkafarta kullum gishiri ke yawa."

Jijiyar wuyan Ok-bun ta motsa. Wainarta ba ta taɓa yin gishiri ba, duk ginin ya shaida. Amma in ta tanka, ɗanta ya zama maƙaryaci a bainar jama'a, mutumin da kullum sai ya shiga lifta ɗaya da su. Ta haɗiye, ta ci gaba da ɗaure igiyar gangarta.

Da ta koma gida ta samu ɗan nata. "Dong-pil, abin nan ya isa haka. Bikin girbi ya matso, ni ce da kiɗa. Ka sauka ka gaya wa mutumin nan gaskiya."

"Yanzu kuma, Inna? Bayan lemo? Ai sai ya karya ni biyu. Ki bari na samo dabara."

Dabarar ita ce katifarta. Wai ya ji an ce in aka sa abu mai kauri a ƙarƙashin akwatin gurnani, ƙarar ba ta ratsa ƙasa. Duk gidan ba abin da ya kai katifar auduga da take shimfiɗawa a ɗakinta kauri. Ya ninke ta uku ya ɗora akwatin a kai kamar ango.

"Ai ƙasan ɗakinki da ɗumi, Inna. Likitoci ma sun ce kwanciya a kan tauri ta fi gyara baya."

Ta koma kan bargo. Bayan bai gyaru ba, ƙarar ma ba ta fasa ratsawa ba.

Sai Hye-ran ta zo da tata dabarar: na'urar kunne guda biyu, na kawunta da ya rasu, ba batir, ba rai.

"Mutane sun fara cewa ba ma kula da ke, Inna. Ki riƙa sawa in za ki fita. Ado ne kawai."

Ba ado ba ne. Roba ce mai toshe kunne kamar an cusa auduga. Ranar da ta sa su ta je gwajin waƙa, duniya ta koma can nesa. Ita kuwa ganga ba da ido ake kaɗa ta ba. Mai janggu numfashin masu waƙa take saurare, ta ji sun ja iska, ta sauke sanda daidai inda za su faɗa. Ok-bun ta riga su sau ɗaya, ta makara sau biyu, a na gaba tsofaffi suka tsaya suna kallon juna. Hannunta ya kai kunne zai cire, sai ta ga matan lifta a bakin taga.

Mal-ja ta zo ta durƙusa gabanta, wannan karon ba reza a bakin. Ta ɗaga murya tana raba kalmomi.

"Ƙanwata, ashe da gaske ne. Ki yafe mini. Bana ki huta. Za mu sa miki kujera a gaba, ki yi mana tafi."

Aka zare gangar daga cinyarta a hankali, aka miƙa wa tsoho Gil-su, wanda kiɗansa kamar ana gyaran kwanon rufi. Shekara da shekaru ba wanda ya taɓa wannan gangar sai ita. Ta yi murmushi, ta ce ba komai, har ta nuna wa Gil-su inda fatar ta fi laushi.

Da ta ba da labarin a gida, Dong-pil yana latsa rimot ya ce, "Ai gara, Inna. Kafaɗarki dama tana ciwo."

Shi kuwa Pyon mutumin kirki ne, kirkinsa ya ƙara dagula lamarin. Wata ranar hutunsa ya hau da ƙunshi: abin sawa a kunne mai doguwar waya, sabo fil, wanda za ta ji talabijin ita kaɗai ba tare da bango ya girgiza ba. Ya durƙusa ya sa mata da kansa.

"Tsohuwata ma irinsa take sawa a ƙauye!" ya yi ihu. "Kin ji? Da daɗi?"

Ta ji, ta kuma ji kunya kamar ƙasa ta tsage. Dong-pil ya yi godiya da baki, fuskarsa kamar ya tauna maɗaci. Na tabbata a ransa cewa yake wannan ƙaton ya toshe masa rami.

Bai toshe ba, sabo ya haƙa. Asabar ta gaba bindigogi suka dawo, Pyon ya sake hawowa, wannan karon ba fushi, sai gajiya. Ok-bun tana tsaye a bayan ɗanta da faranti a hannu.

"Maigida, ƙin sawa take," in ji Dong-pil, yana girgiza kai. "Jifa ta yi da shi. Gaskiya ba kunnen kaɗai ba ne yanzu." Ya ɗora yatsa a gefen kansa ya juya. "Nan ma ya fara taɓuwa. Jiya takalmi ta sa a firji."

Pyon ya dube ta da tausayi, ya juya ya sauka.

Abin da ya fi ci mata rai ba wannan ba ne. Da suka zauna cin abinci, tana tsakaninsu tana zuba musu miya, Hye-ran ta ce wa mijinta, da murya irin ta kullum, "Ofishin gini sun ce in haka ne a kai ta likita ya duba. Wai akwai gidan da ake kai irinsu su wuni."

"In aka samu takardar likita ai shi ke nan, ba mai sake buga mana ƙofa," in ji shi. "Miƙo kifin nan."

Ko kallonta ba su yi ba. Sun yi ta faɗa har su ma sun manta tana ji. Ok-bun ta ajiye ludayi, ta shiga ɗaki ta zauna a kan bargonta. Ba ta yi kuka ba. Ta dai daɗe tana kallon hannuwanta.

Ranar biki aka jera kujeru a filin da ke tsakiyar gini, aka shimfiɗa tabarmi, mata suka fito da farantan wainar shinkafa mai siffar jinjirin wata. Kowa ya sauko, har Pyon, wanda shi ya kwaso kujerun ma. Aka zaunar da Ok-bun a gaba da robobinta a kunne, Hye-ran a gefenta tana gyara mata wuyan riga don jama'a su gani. Gil-su ya rungumi ganga ya fara gyaran kwanonsa, masu waƙa suna binsa kamar masu tsallake kwata.

Dong-pil bai sauko ba. Ya yi lissafi irin na masu ilimi: duk ginin yana fili, Pyon ma yana fili, yau ba mai jin komai. Ya ƙure na'ura iya ƙurewa. Abin da bai sa a lissafin ba shi ne tagar baranda da matarsa ta bari a buɗe don shanya.

Ana tsakiyar waƙa sai jirgin yaƙi ya taso daga hawa na tara. Bam ya tashi, tantabaru suka watse, Gil-su ya saki sanda. Kai ɗari ya ɗaga sama, sannan kai ɗari ya sauko kan tsohuwar da ke zaune a kujerar gaba, hannunta a cinya.

Hye-ran ba ta ko ƙifta ido ba. Ta miƙe tana dariyar yaƙe.

"Ku yi haƙuri jama'a, Inna ce ta fito ba ta kashe talabijin ba. Kun dai san halin da ake ciki." Ita ma ta ɗora yatsa a gefen kai.

Robar ba ta hana Ok-bun ganin yatsan ba. Ta sa hannu ta zare ta dama, ta zare ta hagu, ta ɗora su a cikin farantin waina. Ta miƙe, ba ta ɗaga murya ba.

"Tun da aka kawo abin nan ban taɓa rimot ɗinsa ba. Kaina ƙalau. Kunnena kuma ya fi na kowa a nan." Ta nuna wata a layi na biyu. "Ke kika ce rigata labulen kicin ce. Ke kuma ta bayanta, tukunyar furen hawa na shida tana barandarki, da bakinki kika faɗa. Yaya Mal-ja, wainata ba ta taɓa yin gishiri ba, kin sani, na sani."

Fili ya yi tsit, sai harbin bindiga daga sama. Can wani tsoho ya fashe da dariya har haƙoran robarsa suka zamo, sai kowa ya ɗauka.

Ok-bun ba ta yi dariya ba. Ta taka har gaban Pyon, ta haɗa hannu ta rusuna masa, rusunawar da tsohuwa ba ta yi wa sa'an ɗanta.

"Ɗana, na cuce ka da lemo. Ina ji kana cewa kofi ne zai tuƙa motarka, na yi shiru. Ka yafe mini."

Pyon ya rikice, ya rasa inda zai sa hannunsa. "Kaka, tashi, don Allah tashi!" ya yi ihu, sannan ya tuna, ya maimaita a hankali.

Mal-ja ta riga ta ɗaura ɗamara. "Duk mai furfura ya biyo ni. Pyon, kai ma taho, akwai ɗauka."

Sai da lifta ta yi sawu uku. Dong-pil ya buɗe ƙofa da gajeren wando da rimot a hannu, ya ga bakin ƙofar cike da fararen kawuna da sanduna. Kafin ya haɗa kalma Mal-ja ta kama hannunsa biyu tana jijjigawa, muryarta har hawa na sha biyar.

"Ɗan albarka! Yanzu muke jin labari, wai ka sayi kayan sautin nan ne don ka ba zauren dattawa kyautar biki, kana ta gwada su don kada ka ba mu abin da ba ya aiki. Jama'a, ku tafa masa!"

Aka tafa. Dong-pil ya dubi wannan fuska ya dubi waccan, ba ko ɗaya da ta gaza shekara saba'in, sai ta Pyon, wadda ita kuma ba ta gayyatar gardama. Sai ya rusuna.

"Ba... ba komai, Shugaba. Ku ji daɗinsu."

Tsofaffi suka shiga kamar fara. Wannan ya ciro ta kan firji, wancan ya naɗe waya a gwiwar hannu. Pyon ya sunkuci akwatin gurnani ya saɓa a kafaɗa kamar buhun gawayi. Da ya ɗaga, sai ga katifar a ƙasa, ninki uku, tsakiyarta ta lotsa. Dariya ta tsaya. Duk matan nan sun san ɗinkin Ok-bun.

Mal-ja ta sunkuya da ƙyar ta ɗauka, ta karkaɗe, ta ɗora wa Dong-pil a hannu.

"Kai wa uwarka ɗaki. Ka shimfiɗa da kanka, muna tsaye."

Ya kai, ya shimfiɗa, suna tsaye.

Da aka dawo fili Gil-su da kansa ya miƙa ganga, yana cewa dama ta ƙi jininsa. Ok-bun ta zauna ta ɗora ta a cinya, ta ja igiya, ta karkata kai tana jiran masu waƙa su ja numfashi. Da sandar ta sauka, ni da na yi rawa a garuruwan da ba ku taɓa jin sunansu ba, na ce muku ban ga fili ya tashi irin na ranar ba. Har mai tukunyar fure sai da ta taka.

To, kada ku ce labari ya yi daɗi ku tafi. Har yau Dong-pil bai ce wa uwarsa ta yi haƙuri ba. Abin da yake faɗa a wurin aiki shi ne tsohuwa ta tozarta shi a gaban gini guda. Hye-ran kuma cewa take ai don a zauna lafiya suka yi. Ku zaga gine-ginen nan ku gani, ba hawa na tara kaɗai ba ne. In kofi ya fashe, kaka ce. In an makara zuwa biki, kaka ce ta hana fita. Mutum ya girma ya yi sanƙo, amma da an buga ƙofa sai ya tura wadda ta haife shi gaba ya laɓe a bayan zaninta, don ya san mutane za su ji nauyinta, ya kuma san ita ba za ta tona ba. Wannan ta biyun ita ce jarinsu.

Da yamma ana kwashe kujeru, Mal-ja ta kama Ok-bun tana zaɓar waina masu kyau tana zubawa a leda.

"Ke, wa za ki kai wa wannan?"

"Yaron nan tun safe bai sa komai a cikinsa ba."

"Yaro? Wancan mai tumbin? Wanda ya ce kin sa takalmi a firji?"

"Aiki ne ya yi masa yawa, Yaya."

"Aikin gidanku! Ajiye ledar nan kafin in mare ki."

Ok-bun ta ƙara guda biyu masu riɗi a ciki, don su ya fi so. Ta ƙulle bakin ledar, ta saɓa gangarta, ta nufi lifta.